Farar riga da kantar magani: me ke riƙe ma'aikacin jinya a bakin aikinsa?

A ƙasar Nijar, mutumin da talaka ke kira «likita» galibi ba dokta ba ne. Ma'aikacin jinya ne, ko ma'aikaciyar jinya, wanda ya fito daga makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, ko kuwa daga ɗaya cikin makarantun kuɗi da suka yawaita daga baya. Shi ke riƙe da gidajen likita na karkara da ake kira CSI, waɗanda yawansu ya haura dubu. Shi ke duba maras lafiya, ya rubuta magani, ya ɗinke rauni, ya yi ma yara allurar rigakafi. In babu ungozoma ya karɓi haifuwa, in wata ya ƙare kuma ya zauna ya cike takardun lissafi da za a aika ma gunduma. Dokta yana can babbar likita, wani lokaci tafiyar yini guda a amalanke. Saboda haka halin da zuciyar wannan mutum ke ciki ba nasa ba ne shi kaɗai, ya shafi dubban iyalai waɗanda ba su da wata ƙofa da za su buga in dare ya yi.

Ƙorafin jama'a kan ma'aikatan jinya ba ɓoyayye ba ne. A shekara ta 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da littafi mai suna «Une médecine inhospitalière», bayan bincike a gidajen likita na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da suka rubuta babu baƙo cikinsa ga wanda ya taɓa kai maras lafiya: tsawa a maimakon gaisuwa, fifita wanda ya san wani, karɓar kuɗi ta bayan fage, da barin mutum a kan banci har rana ta take. Gaskiya ce, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Saurayi ko budurwar da suka shiga makarantar jinya da ɗoki, suka sa farar riga iyayensu na alfahari, me ya same su cikin shekara biyar ko goma har fuska ta murtuke? Wanda kuma bai canza ba, don akwai su da yawa, me ya riƙe shi?

Albashi: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Amsar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce kuɗi, kuma tana da gaskiyarta. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, magani da duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada nan take. Ga albashi yana yin watanni bai fito ba, ga ɗaukar sabbin ma'aikata an kusa tsaida shi bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Ma'aikaci ya zama ɗan bashin mai kanti da mai gidan haya. A irin wannan hali ne ɗabi'u da dama suka kafu a gidajen likita, kamar saida magani daga aljihu da yin allura a gida da marece. Ɗabi'a kuwa in ta kafu, ko yunwar da ta kawo ta ta wuce, ba ta saurin tashi.

Daga farkon shekarun 2000 biyan albashin ma'aikata masu lamba ya fi daidaita. Amma sai wani sabon tsani ya bayyana a cikin ɗaki guda. Akwai mai lambar aikin gomnati, akwai ɗan kwantaragi, akwai ɗan sabis sibik, akwai kuma ɗan sa kai wanda ke zuwa kullum babu ko dala, da fatan wata rana a tuna da shi. Duka huɗun suna iya zama masu takardar makaranta iri ɗaya, suna kwana aikin dare ɗaya, suna taɓa jini ɗaya. Na farko yana da ƙarin girma da fansho a gaba, na biyu yana jiran ɗan abin da ake ba shi wanda sau da yawa yake makara, na ƙarshe kuwa sai abin da Allah ya hore. Ba mamaki batun ɗaukar ƴan kwantaragi aiki da biyan haƙƙoƙi ya zama abin da ƙungiyar SUSAS ta ma'aikatan kiwon lafiya ta sha tafiya yajin aiki a kansa. Ma'aikacin gomnati da ke karanta wannan shafi ya san cewa ƙarancin albashi yana da zafi, amma ganin na kusa da kai yana ɗaukar ninkin naka a kan aiki guda ya fi ƙuna.

Wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya yi nazari kan wannan tun 1959, inda shi da abokan aikinsa suka tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh lokutan da suka fi jin daɗin aiki da lokutan da suka fi ƙin sa. Sai ya lura amsoshin ba su fito daga rijiya ɗaya ba. Abin da ke ɓata ma mutum rai ya fi zama albashi, halin shugaba, dokokin ma'aikata da yanayin wurin aiki. Abin da ke faranta masa rai kuwa shi ne ganin aikinsa ya yi kyau, a yaba masa, a damƙa masa amana, ya ga yana ci gaba. Masana da yawa sun soki hanyar bincikensa, kuma ba kowa ya yarda da rabon da ya yi ba. Duk da haka ɗan kasuwa da ke da yaran shago ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in ka hana yaro haƙƙinsa zai gudu, amma biyan haƙƙin kaɗai ba ya sa shi ya riƙe shagon kamar nasa. Wani bincike da aka yi kan ma'aikatan kiwon lafiya a maƙwabciyarmu Mali, aka buga a 2006, ya sami abu makamancin haka: ban da albashi, ma'aikatan sun ambaci ɗaukar nauyi, ƙarin horo da yabo cikin abubuwan da ke ƙarfafa musu gwiwa.

Layin da ba ya ƙarewa

Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla dokta, ma'aikatan jinya da ungozoma 4,45 ga kowane mutum dubu. Nijar ba ta kai ko ɗaya ga mutum dubu ba, kuma tana cikin ƙasashe 55 da ƙungiyar ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda suka fi ƙarancin ma'aikatan lafiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai, yau mun haura miliyan 25. Ƴan ma'aikatan da ake da su ma ba a raba su daidai ba, birane sun kwashi kaso mafi tsoka.

Yawan aiki ba gajiyar jiki kaɗai yake kawowa ba. A 2002 wata masaniya mai suna Linda Aiken da abokanta suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168 na jahar Pensilbaniya ta Amurka, tare da ma'aikatan jinya sama da dubu goma. Sun gano cewa duk maras lafiya ɗaya da aka ƙara ma ma'aikacin jinya, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi ma tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, haɗarin ƙosawar ma'aikacin da kashi 23, na ƙin aikin kuma da kashi 15. Can fa ana maganar bambanci tsakanin majinyata huɗu da takwas ne. A nan, in damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ta haɗu da tamowa, majo da abokin aikinsa ɗaya suna iya wayar gari su tarar da mata da goyo sun cika rumfa har waje. A Magariya, a watan Satumba na 2018, ƙungiyar MSF ta ba da labarin yara sama da 700 kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin garin. Wanda ke da minti biyu ga kowane yaro ba zai tsaya tambayar uwa yadda aka kwana da mutanen gida ba. A wurinmu kuwa, wanda bai gaishe ka ba ya riga ya raina ka, ko da ya ba ka maganin da ya dace.

Bashin gomnati a kan kantar majo

Akwai abin da ya fi duk waɗannan cin zuciyar ma'aikacin jinya a ƙasar nan, kuma shi ne aka fi mantawa da shi: ya san cutar, ya san maganinta, ya juya ya ga kanta babu kome.

Don a fahimci yadda aka zo nan sai a ɗan koma baya. Bayan shirin Bamako na 1987, Nijar ta kafa a 1995 dokar da ta sa maras lafiya ya biya wani abu in ya zo likita. Kuɗin na shiga asusun da kwamitin mutanen gari ke kula da shi, da shi ake sake sayen magani. Tsarin yana da aibinsa babba, don matalauta da yawa sun daina zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Amma ta fuskar kanta, jari yana juyawa: a saida, a saro, a sake saidawa. Sai a 2005 aka mai da tiyatar haifuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Niyya ce mai kyau ƙwarai, kuma ta yi amfani. Tare da ƙananan gidajen likita na ƙauye da aka gina cikin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou tun daga 2001, da gidan sauro, da yaƙi da tamowa, mutuwar yara ta ragu sosai. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Ma'aikatan jinya da na ƙananan gidajen likita ne suka ɗauki wannan aiki a kansu, ko da yake ba a cika ambatonsu in ana rabon yabo ba.

To, amma yaya kyautar take gudana? Majo yana ba yaro magani ba a biya ba, ya rubuta takarda, a tara takardun a aika gunduma, daga nan zuwa Yamai, sa'an nan baitulmali ya maido da kuɗin. Wato ya ba gomnati bashi ke nan. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yi ma gomnati kwangila ya san sauran labarin. Kuɗin sun riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai miliyar masu yawa na sefa, kamar yadda binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna. Yara kuwa su ne kaso mafi yawa na masu zuwa CSI. Wane shago ne zai rayu in mafi yawan masu sayensa bashi suke ɗauka, mai biyan bashin kuma ba a san ranar zuwansa ba? Jari ya karye, kanta ta bushe, dillalan magani suka daina ba da kaya sai da kuɗi hannu.

Sai uwa ta zo da ɗanta, ta ji a rediyo an ce kyauta ne. Majo ya duba yaron, ya miƙa mata takarda ya ce ta je farmasi ta saya. Me za ta ɗauka? Ba ta san baitulmali ba, ba ta san minista ba, mai farar riga ta sani. A idonta shi ya ɓoye maganin don ya saida. Wani lokaci ma zargin gaskiya ne, don ɓata-gari ba su ƙare ba, wannan kuwa shi ya sa mai gaskiya ba ya da yadda zai wanke kansa. Mutumin da ake kallo a matsayin ɓarawo kullum, a kan laifin da aka yi a wani ofis mai nisan kilomita ɗari bakwai, ko dai ya taurare ya daina jin maganar kowa, ko ya nemi hanyar barin wurin. Lokacin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, da aka rufe iyakoki aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wannan hali ya ƙara tsananta, kuma a gaban gadon maras lafiya aka fi jin sa.

Mutunci, kaɗaici da takardar canjin wuri

A ƙauye majo babban mutum ne. Yana zama kusa da maigari da liman da mushen lakwal, ana kawo masa zabi da ƙwai, ana sa ma jarirai sunansa. Ga da yawa daga cikinsu wannan girma shi ne ladan da babu shi a takardar albashi. Sai dai shi ma yana da ƙaya. Wani bincike da Paul Bossyns da Wim Van Lerberghe suka buga a 2004 kan ma'aikatan jinya na karkarar Nijar ya nuna cewa da yawa ba su son tura maras lafiya babbar likita, don gudun kada mutanen gari su ce ciwon ya fi ƙarfinsu. Abin lura a nan shi ne kaɗaici. Mutum yana shi kaɗai, ba wanda zai yi shawara da shi, wanda ya tura kuma ba a aiko masa da labarin abin da aka gano. In masu dubawa sun zo daga gunduma, sau da yawa rajista suke buɗewa su ƙirga layuka, su tafi kafin la'asar. Da wuya a ce masa: wancan yaron da ka tura, ka yi daidai, ya tashi. Alhali wannan magana ba ta cin ko jika ɗaya daga kasafin ƙasa.

Sai batun wurin aiki. Tura ma'aikaci daji a wurinmu ya daɗe da zama kamar horo, dawo da shi birni kuma kamar tukuici ga mai uwa a gindin murhu. Wanda ba ya da kowa yana iya shekara da shekaru a inda babu wuta, babu famfo, babu lakwal mai kyau ga ƴaƴansa, yana ganin waɗanda ya riga fitowa makaranta ba su taɓa barin Yamai ba. Ga mata abin ya fi wuya, su kuwa su ne suka fi yawa a makarantun jinya da na ungozoma. Matar aure tana bin mijinta, mijin kuma galibi ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa a birni. Shi ya sa za ka ga ɗakin haifuwa a birni ma'aikata sun yi yawa har ana raba kwanaki, na ƙauye kuwa namiji guda ke karɓar haifuwa, mata suna jin kunyar zuwa. Tun daga 2015 rashin tsaro ya ƙara nasa nauyi, da farko a Difa, sa'an nan Tilaberi da arewacin Tawa, da kudancin Maraɗi wajen Madarunfa da Gidan Runji inda masu satar mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka. An rufe gidajen likita a wasu wurare, a wasu kuma ma'aikaci yana kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Akwai kuma wata kasuwa da ta buɗe a gefe. Tun yunwar 2005 ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, suna ɗaukar ma'aikatan jinya da albashin da ya fi na gomnati. In ka tambayi waɗanda suka koma can, ba kuɗin kaɗai suke ambata ba: akwai safar hannu, akwai iskar numfashi, akwai magani a kanta, akwai dokta kusa. Waɗanda suka rage kuwa sai ido ya koma kan tarurrukan horo, saboda kuɗin zama da ake kira perdiyem. Horon da ya kamata ya ƙara ilimi ya zama abin rabo, shugaba ya tura wanda yake so, mutum guda ya halarci taro ɗaya sau uku, wani kuma bai taɓa zuwa ba. Kaɗan ne abubuwan da ke raba kan ma'aikatan gidan likita kamar wannan jerin sunaye.

Mu ma masu kai marasa lafiya muna da namu kaso. Babban mutum ya zo da rakiyar mota ya tsallake layi, ɗan kasuwa ya cusa jika biyu a aljihun farar riga don a fara da nasa, ma'aikacin gomnati ya buga waya ga wani na sama. Kowannenmu yana ganin sau ɗaya ne kawai. Ma'aikacin da ke kallon haka kullum kuwa darasi yake ɗauka, kuma a kan matar da ta zo daga ƙauye da ƙafa zai karanta shi.

A watan Agusta na 2024 hukumomin ƙasa suka yanke shawarar rage rabin kuɗin da ake biya a gidajen likita na gomnati daga ranar 1 ga Satumba, suka kuma mai da haifuwa kyauta. Jama'a sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma duk abin da aka sauke daga kan maras lafiya, wani ne zai ɗauka, in ba haka ba asusun da ake saro magani da shi ne zai ragu. Gidan likitar da kuɗin shigarsa ya ragu, masu zuwa kuma suka ƙaru, yana buƙatar cikon ya iso kan lokaci, da ƙarin hannu a ɗakin duba marasa lafiya. Wanda ke son sanin ko cikon yana isowa ba sai ya jira rahoton ƙarshen shekara ba. Ya leƙa CSI mafi kusa da shi a watan Satumba, lokacin da masassara ta yi tsanani, ya roƙi majo ya buɗe masa ɗakin ajiyar magani, ya kuma tambaye shi yaushe rabon da a biya takardun da ya aika gunduma.